Jirgin da Ba Ya Shiga But

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da aikin gareji.

Kwalekwalen Baba ya gama yawo. Ranar Talata muna tsakiyar kogi za mu asibiti wankin ƙoda, ruwa ya kai mana idon sawu, ni kwarfar ruwa, shi tuƙi. Kafinta ya duba, ya ce ko icen girki ba zai yi ba. Ka san sau biyu ne a mako, Talata da Juma'a, kuma ƙoda ba ta karɓar uzuri. Yanzu a jirgin maƙwabci muke raɓawa, ran da ya ga dama.

Ka ce za ka sayo na roba, irin wanda ake hura wa iska. To, bismilla. Ina kuma tuna maka, hutun da asibitin da nake aiki ya ba ni saura wata biyu. In ban koma ba, aikin ya tafi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Na je shago na duba, iri biyu ne. Na farko ƙasansa faiba ne mai tauri, gefen kawai ake hurawa. Yana yanka igiyar ruwa, amma nauyi gare shi. Sai da tirelar jan sa, da rumfar ajiye shi, da mutumin da zai zauna kusa da shi kullum yana wankewa yana duba inji. Na biyu roba ne gaba ɗaya. A sace iskar, a naɗe kamar tabarma, a jefa a but ɗin mota. Shi na fi so. Duk Litinin sai in taho da shi, Talata in ƙetare da Baba, in naɗe abina in koma. Na Juma'a kuma mu ga yadda Allah zai yi.

Zancen hutunki, za mu zauna a kai.

Ki gaida Baba.
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ba sai mun zauna ba, mun gwada.

Ma'aikatan da ke auna ruwan kogi suna da irin wanda ka fi so, na roƙa suka ara mana ranar Juma'a. Ka manta abu ɗaya: Baba ba ya zama a jirgi. Shekara hamsin a tsaye yake tuƙi, a tsaye ya ƙetare da Inna ran da za ta haife ka. Na ce ya zauna, ya dube ni kamar na zage shi. Yana miƙewa ƙasan ya lotsa kamar katifa, sai ga shi a durƙushe, gaban mata masu wanki. Ya rarrafa ya fita, ya koma gida.

Bai je wankin ba. Na Talata ma ya ce a bar shi. Ƙafafunsa sun kumbura, takalminsa ba ya shiga.

Jirginka mai naɗuwa ya dace da kai, ban musa ba. Kai ma haka kake zuwa, a naɗe, ka kwana ɗaya ka shiga mota. Ba faɗa nake yi ba, Yaya, na gaji ne. Shekara biyu ke nan ni kaɗai.

Baba bai san na rubuta ba. Ka huta lafiya.
Auta

*

Auta,

Salam. Na sayi mai ƙasan faiba. Na hau na yi tsalle a ciki har mai shago ya tsawata min, ko gezau.

Ba ya shiga but. Ki fitar da kajin nan daga rumfar Baba, ki share min ɗakin baya. Na miƙa makullin gareji.

Ki ce wa Baba ya nemo gorarsa ta tuƙi, Juma'a shi zai tuƙa. Ke kuma ki fara haɗa kaya.

Yayanki