Waƙar Ladi a Bakin Mutane

Zuwa ga taubashina Garba mai molo, a Madani ta ƙasar Sudan.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da wannan sanƙon naka, ga kacici-kacici: na goya shi bai sha nonona ba, shekara ashirin yana ɗakina bai yi kuka ba, jiya kuma ya dafa min shayi. Wane ne?

Kana tunani, bari in ba ka labari.

Alhazan Sudan sun cika mana kunne da kai. Wai in ka ja tsirkiya kuka take kamar mace, samari daga Madani har Kasala hannunka suke kwaikwayo, har a faifan garmaho an sa ka. Na yi ta yi wa jikokina kuri a unguwarmu ta Tandabawi a nan Makka, ina cewa ni na share maka majina.

Ka tuna Suwakin, muna jiran jirgin ruwa, zazzaɓi ya kama 'yata Ladi? Ina yi mata waƙar rarrashi, kana bi na da molo a hankali, har ta cika. Ka dafa ƙasar kabarinta ka ce, "Wannan kiɗa an binne shi tare da ita."

Da muka iso Makka askarawa suna fasa kayan kiɗa. Ni na ɗaure molonka a bayana, a gurbin Ladi, na rufa mayafi na wuce ina jijjigawa. Da garin ya yi maka ƙunci ka koma Sudan, ka ce in ajiye maka.

Bana a Mina ina sayar da kunu, wani alhaji yana jiran kofinsa yana rera waƙar Ladi ƙasa-ƙasa. Ludayi ya faɗi daga hannuna. Ya ce, "Hajiya, ai ta Garba ce, ita ake rawa da ita a biki."

Rawa, Garba? Da waƙar da na rufe idon 'yata da ita?

Sai kuma ga ɗan aikenka, wai in ba shi molonka na fari. Na ba shi ruwa, na sallame shi.

Haba ɗan kawuna! Allah Ya shirye ka, Ya jiƙan Ladi, Ya sa in iya yafe maka kafin in bi ta.

Taka, Hajiya Asabe.

Amsar kuwa, molonka ne. Na sa shi a murhu.