Sabulu a tankin mota

Lahadi da dare, Yantala

Alhamdulillahi, mun dawo lafiya. Da safe muna naɗe tanti a tudun rairayi, sai ga esansi, wato man fetur, yana ɗiga daga motarmu, dutse ya huda tanki. Ba rezon waya, ba kowa. Maigida sai zagaya motar yake yana salati.

Ɗiyata Hadiza, wadda na shekara ina yi wa faɗa kan koyon aikin garaji, ta ce, "Inna, ba ni sabulunki." Ta jiƙa shi, ta murza, ta shige ƙarƙashin mota ta liƙe hujin. Ya riƙe har gida!

Na ce mata ɗiya mace ba ta birgima a ƙasa kai ba kallabi. Ta yi dariya. Ni ma na juya baya na yi tawa. Gobe ta koma garajinta, amma da kallabi.