Usman, Ga Garba Nan Zuwa Ƙasarku

Malama Talatu ta makarantar Gwaram ce ke rubutawa, ni Dije ta Maruta nake faɗa. Na ce mata kar ta gyara min magana.

Zuwa ga Usman ɗan Sudan. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da iyalinka in ka yi.

Ɗana Habu, abokinka, ya rasu bara, mota ce a hanyar Kano. Babansu ya riga shi. Ban yi wani kuka ba, abin bai zo ba.

Ka tuna da Habu yakan kawo ka gidan nan hutun jami'a, don ƙasarku da nisa. A bakina ka koyi Hausa. Tuwon dawa kamar magani kake haɗiyarsa, amma kana cinyewa. Kai ka gyara min dangar awaki. Tana nan.

Na san abin da ɗalibai suka yi maka a makaranta, Habu da bakinsa ya faɗa min. Ka fi su a jarrabawa, sai suka ce da kuɗin man fetur ɗinsu gwamnati ke ciyar da baƙi, suka watso maka akwati waje. Habu na tsaye bai ce uffan ba. Ya ce min, "Inna, in na yi magana da ni za su haɗa." Daga nan ba ka ƙara zuwa ba.

Ni ban yi boko ba, amma cikin shanu na tashi. In aka kawo baƙuwar saniya garke sai sun tunkuye ta. Ba abin da ta yi musu. Ba su san warinta ba ne, kuma suna tsoron dusa ba za ta isa ba. Wadda ta fi tunkurin ma, ita ake tunkuya a da. Babana yakan ɗaure baƙuwar da wata 'yar gida igiya ɗaya har a saba. Kai da Habu aka ɗaure ka, ya kwance.

To yanzu autana Garba ya samu karatun likita a ƙasarku, bayan Babbar Sallah zai tafi. Shi kaɗai ya rage min. Larabci kuwa sai na salla.

Ka ji yadda abin yake. Habu kana binsa ban-haƙuri, ya tafi bai biya ba. Ka yafe ko ka bari, tsakaninku ne. Tuwon da ka ci ba na binka, don Allah na ba ka. Garba kuwa ba mai binsa komai, ba ya wurin.

In ya iso, ɗana, ka ɗaure shi a jikinka har su san warinsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, ya tsare min ku biyu.

Innarka, Dije.