Farin Zare a Duhu

Daren Laraba, unguwar Wangsa Maju, ƙasar waje

Na samu hoton dai. Tun bayan isha'i nake saman benenmu, na kafa kyamara, ina jiran rokar da aka ce za a harba daga China, wai ana iya hango ta daga nan in sama ta washe. Sauro ya cije ni son ransa. Bulus, abokin ɗakina, ya ce min, "Boleh," wato "ba matsala" a yaren mutanen nan, "yanzu zan hawo." Ya wuce mamak, shagon shayin unguwa, kallon ƙwallo, shiru kake ji.

Da ta ɓullo tana jan haske a bayanta, ban san sanda na miƙa hannu na ce "Ga ta can!" ba, yadda muke yi a gida ranar duban wata. Na waiga. Tankin ruwa ne kaɗai a bayana.

Na tura wa Umma hoton, su can la'asar ce. Ta aiko da saƙon murya: "Sadiƙu, na duba har da tabarau. Wani farin zare na gani a duhu. To kai ina kake a ciki?"

Na saurara, na sake saurara.