Tukuicin Tsintuwa

Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya jikin Umma, ya su Firdausi? Ni lafiya lau nake a Guangzhou. Kar munin rubutun nan ya dame ki, da hannun hagu nake yi.

Ɗaliban China na jami'armu suna shirin wata jarrabawar Turanci da suke tsoro kamar mutuwa. Ashe idan mutum ya bar littafi a kan kujerar laburare, kama wuri ya yi. Ni ban sani ba. Na ga littafi duk ya sha rubutu, ba mai shi, na ce tsintuwa ce, na kai wa mai gadi ya yi cigiya, na zauna a kujerar.

Sai ga mai shi, wata yarinya da ta faɗi jarrabawar sau biyu. Ba ta tambaye ni komai ba, ta fizge mini hijabi, ta buga kaina da tebur, ta sheƙa mini ruwan zafin fulas ɗinta a hannu. Kin san ni. Na shaƙe ta har tabaraunta ya tarwatse, sai da mutum uku suka ɓamɓare ni. Jibi za mu gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, ki taya ni addu'a kar su kore ni.

Fatar hannun tana ta saɓulewa, amma da sauƙi. Ki ba Alhaji Illa ɗan kasuwa man kaɗanya ya kawo mini idan zai taso nan sayayya.

Ki gaya wa Umma har yanzu ina mayar da tsintuwa yadda ta koya mana. Kar dai ki faɗa mata tukuicin da na samu.

Ƙanwarki,
Saffana