Takwararki Ta Iso, Inna

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan Allah Ya sa kina kwance cikin ni'ima.

Albishir na kawo miki, amma bari in fara amsa laifina.

Kin tuna ƙwayar farfaɗiyata da kike ƙullewa a bakin zani? Kowace safiya sai kin miƙo min ita da koko, kin tsaya a kaina har na haɗiye. Har a ciwonki na ƙarshe maganarki ɗaya ce: "Sani, ko tuwo ka manta, kada ka manta ƙwayar nan." Na yi miki alkawari.

Na karya shi, Inna. Shekara shida da aurenmu da Hadiza, ko ɓatan wata babu. Dangi suka tasa ta gaba da jiƙe-jiƙe, ta sha saiwa har ta rame, ni kuwa ko kallona ba a yi ba. Wata rana a majalisa a Funtua na ji ana cewa maganin farfaɗiya na hana namiji haihuwa. Ban tambayi kowa ba, na daina sha a ɓoye. Ni a dole mai wayo.

Ba a yi wata ba na zube a gona, ana tsakiyar cirar auduga. Na farka a asibiti a Malumfashi, leɓe a fashe, Hadiza na kuka tana faɗa. Wallahi sai na ji kamar ke ce.

Likita ya wanke ni tas, sannan ya sa aka yi min gwajin da kunya ba za ta bari in yi miki bayaninsa ba. Ashe daga gare ni ne. Ya ce irin ƙwayar da nake sha takan rage wa wasu maza ƙarfin haihuwa, amma ba dainawa ake yi ba, likita ke canjawa. A hankali ya mai da ni kan wata ƙwayar. Ranar na roƙi Hadiza gafarar duk saiwar da ta sha a madadina.

Cikin ikon Allah Hadiza ta samu ciki, ta sauka lafiya. Inna, jiya aka yi suna! Mace ce, da ɗan hancin nan naki. Sunanki na sa mata, ga ni yanzu da 'ya amma bakina ba ya iya kiran sunanta. Inna muke ce mata. Murna ta sa ni kuka a gaban maza, ban ko ɓoye ba.

Yau da safe na haɗiye ƙwayata da koko, takwararki tana kwance a cinyata ta zuba min ido. Na ce, na sha, Inna.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya raya takwararki da irin halinki.

Ɗanki mai kewarki,
Sani