Faɗin Yatsa Biyu

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya Baba da Fa'iza? Ni nan Fatakwal lafiya lau nike, sai dai tsatsar ƙarfe ta ɗan tsattsaga min hannu, kuma ya kusa warkewa.

Inna, na ga ikon Allah. Jiya na hau dogon ƙarfen sabis ɗin waya, injiniyanmu ya ce in sunkuyar da eriya faɗin yatsa biyu kawai. Ban ko sauko ba aka bugo daga wani ƙauye mai nisa, wai sabis ya sauka. Injiniyan ya ce ƙananan ƙarafan da ke jere cikin eriyar suna matse sabis kamar hasken tocila. In ta miƙe sarai, sai ya wuce saman mutane.

Nan na tuna ki, kina hawan tudun bayan garinmu Yargalma da ciwon ƙafa don ki ji muryata. Ashe maganata tana isowa gida, ta samanku take wucewa.

Ki daina hawa, Inna. Zan riƙa aiko wasiƙa har Allah ya kawo ni in sunkuyar da tamu eriyar. A sa ni addu'a.

Ɗanki,
Muttaka